Daga Andasibe Zuwa Anja: Bin Sawun Lemur a Madagaska

Wanda ya tashi daga Najeriya zuwa Madagaska yawanci ta Addis Ababa ko Nairobi zai bi, ya sauka a filin jirgin Ivato da ke gefen babban birnin, Antananarivo. Katin rigakafin cutar shawara wajibi ne ga wanda ya fito daga ƙasashenmu, kuma maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro ba abin sakaci ba ne, musamman a gabashin tsibirin. A watan Oktoba na bi wannan hanya, ƙarshen rani ke nan a can, lokacin da jariran lemur ke maƙale a jikin iyayensu. Guguwar teku kuwa sai daga Janairu zuwa Maris take tsananta, ta karya gadoji ta datse hanyoyi.

Lemur dangin biri ne na nesa, amma ba biri ba ne. Hancinsa a jiƙe yake, ya fi biri dogaro da sansane, haƙoransa na gaba na ƙasa sun kwanta sun jeru sun zama mataji da yake gyara gashinsa da shi, kuma yatsa na biyu a ƙafarsa ta baya yana da akaifa mai tsini ta yin susa. Cikin makusantansa a nahiyarmu akwai galago, ɗan ƙaramin dabban nan mai manyan idanu da ke tsalle kan itatuwa da dare a dazuzzukan Afirka ta Yamma. A daji babu inda lemur yake sai Madagaska, in ban da nau'i biyu da ke tsibiran Komoros, waɗanda ake kyautata zaton mutane ne suka kai su. A lissafin da IUCN, ƙungiyar duniya mai kare halittu, ta fitar a 2020, cikin nau'i 107 guda 103 suna fuskantar barazanar ƙarewa, 33 daga ciki kuma sun kai gargara.

Littafin da kusan kowane ɗan jagora zai ambata maka shi ne Lemurs of Madagascar, na Russell Mittermeier da abokan aikinsa, wanda Stephen Nash ya yi wa zane. Kafin ka saya, duba shekarar bugu. Bugun farko na 1994 iri 50 ya ƙunsa, na 2006 ya kai 71, na 2010 ya kai 101. An gano wasu sababbi a lungunan daji, gaskiya ne, amma mafi yawan ƙarin daga gwajin ƙwayoyin gado ya zo: dabbobin da ake ɗauka iri ɗaya ne aka gano ashe iri-iri ne, kowanne da dajinsa, sau da yawa kogi ne ya raba su. Bugun 2010 ya haura shafi 700, kaya ne guda, ba abin hawa tudu da shi cikin ruwan sama ba. A bar shi a masauki. Abin shiga daji shi ne takardun nan masu naɗewa da aka lulluɓe da roba, na masu yawon rana daban, na masu yawon dare daban, ko kuma a ɗauki hoton shafukan dajin da za a shiga a waya. Littafin Nick Garbutt na 2007, Mammals of Madagascar, yana da amfani ga wanda ke son sanin fosa, dabbar da ke farautar lemur, da sauran dabbobin tsibirin. Ni dai na fi amincewa da zane a kan hoto wajen tantancewa, domin mai zane yana tsayar da dabbobin a tsayuwa ɗaya, mace kusa da namiji, babu inuwar ganye a fuska.

Daga Antananarivo zuwa Andasibe kimanin kilomita 140 ne a kan hanyar RN2, amma sai an ci sa'a uku zuwa huɗu, saboda kwane-kwane da tirelolin da ke tasowa daga tashar jiragen ruwa ta Toamasina. A bakin hanya buhunan gawayi ne a jingine jere-jere, tsaunuka da yawa kuma sun zama ƙwal, sai toka da kututture, sakamakon noman sara da ƙone da suke kira tavy. Bayan garin Moramanga kaɗan ake ratsewa zuwa ƙauyen.

A gandun dajin gwamnati ba a shiga sai da ɗan jagora mai lasisi, kuɗin shiga daban, ladansa daban. A yi sammako. Indri, wani nau'in lemur da mutanen wurin ke kira babakoto, da safe yake rera kukansa, galibi kafin rana ta take. Yana farawa da gurnani, sai dogayen sautuka masu hawa, sai su riƙa saukowa bi da bi, ma'aurata da manyan 'ya'yansu kowa da muryarsa. Kukan kan ɗauki daga ƙasa da minti ɗaya zuwa minti uku, ana jin sa daga nisan kilomita biyu, da sun yi shiru sai iyalin da ke maƙwabtaka su amsa. Da wannan 'yan jagora ke sanin inda za su nufa. A dajin Analamazaotra muka tsaya ƙarƙashin wasu iyali, suna zaune a cokalin reshe, kowanne ya rungumi gangar itace a tsaye. Kunnuwa baƙaƙe masu tuntu, idanu kore-kore, hannu na janyo reshe zuwa baki yana tsinke ɗanyen toho da leɓe. Da uwar ta tashi tafiya, sai ta dunƙule dogayen ƙafafunta ta cilla, ta juya a iska, ta dafe wata gangar da ƙafa kafin hannu. Tsalle ɗaya kan kai mita 10.

A nan ne sabon zuwa ke fara rikicewa, domin akwai wani lemur mai baƙi da fari a wannan yanki, wato vari, mai farar geza a wuya. Kada ka tsaya kan launi, dubi wutsiya. Indri ɗan dungu gare shi, vari kuwa doguwar baƙar wutsiya mai gashi. Dubi kuma yadda yake tafiya: indri da wani lemur da ake kira sifaka a tsaye suke kama itace su yi tsalle, vari da dangin lemur mai ruwan ƙasa a kan ƙafa huɗu suke bin reshe. Da ka raba waɗannan biyu ka zubar da rabin littafin. Sifakan da ke wannan daji, simpona, yana da doguwar wutsiya, farin gashi kewaye da baƙar fuska, hannuwa da cinyoyi ruwan zinariya, kuma a dajin Mantadia da ke arewa kaɗan aka fi ganin sa a asalin mazauninsa.

Indri shi ne mafi girma cikin lemur da suka rage, kilo 6 zuwa 9 da ɗoriya, kuma babu gidan zu a duniya da ke da shi. An gwada riƙe shi, bai yi tsawon rai ba, bai hayayyafa ba. Cikinsa an gina shi ne kan ɗanyen ganyen itatuwa iri-iri na dajinsa, da ƙwayoyin halittar hanji da ke narka su, har ƙasa yake saukowa ya ci. Ga shi mace sai bayan shekara biyu ko uku take haihuwa, ɗa guda. Wanda ya sare dajin indri ya gama da shi, babu wani keji da ake ajiye ragowa.

Da dare ba a yarda a yi yawo cikin gandun gwamnati ba, sai a bi bakin titi ko a shiga dajin da ƙungiyar mutanen gari ta Mitsinjo ke kula da shi. Tocila a goshi ko a riƙe ta daidai ido, domin hasken da ke dawowa daga idon dabba layin da ya je yake biyowa, wanda ya riƙe tocila a ƙugu ba zai ga komai ba. Da an hango ɗigo biyu masu ƙyalli, a rage haske ko a koma ja, kada a dalle masa ido. Mai saurin gudu a siraran rassa, ɗan mitsitsi, lemur-ɓera ne. Mai tafiya a hankali kan ƙafa huɗu, da baƙin zobe a ido da wutsiya mai kauri, lemur-wada ne, wanda ke tara kitse a wutsiya ya kwanta barcin watanni a lokacin sanyi, don haka wanda ya zo a Yuli da wuya ya gan shi. Mai kama itace a tsaye kuwa biyu ne: in ka ga farin tabo a bayan cinya, kuma suna cure biyu ko uku, avahi ne, in shi kaɗai ne ba tabo, lepilemur ne, wanda da rana ake samun sa yana leƙe daga kogon itace.

Iyakar abin da ido zai ba ka ke nan. Lemur-ɓera a farkon shekarun 1990 nau'i biyu aka sani, daga baya suka haura 20, lepilemur ma sun haura 20, kuma ko masani ba ya raba yawancinsu da tocila. Taswirar da ke gefen shafi ita ce alƙali. Lemur-ɓeran Andasibe a 2005 aka ware shi aka ba shi sunan masanin dabbobi Steven Goodman, tsohon littafi kuwa wani suna zai ba ka. Mafi ƙanƙantarsu, wanda aka sa wa sunan Berthe Rakotosamimanana, masaniya 'yar ƙasar, giram 30 ne, kuma sai can yamma a dajin Kirindy da kewayensa. Duk wanda ya ce ya gan shi a gabas, wani ya gani.

Daga Andasibe hanya gangara take har bakin teku, zafi da gumi na ƙaruwa. Arewa da Toamasina kaɗan akwai Ivoloina, ƙaramin gidan namun daji cikin gandun itatuwa da tafki, wanda gamayyar Madagascar Fauna and Flora Group ke gudanarwa. A nan ake ganin vari da babban lemur mai cin gora da lemur mai shuɗin ido a kusa, kuma da yawa daga dabbobin da ake kawowa irin wannan wuri ƙwato su aka yi daga hannun mutane. Tun 1962 doka ta hana riƙe lemur a gida, duk da haka wani bincike ya ƙiyasta cewa sama da 28,000 aka tsare a gidaje da otal-otal tsakanin 2010 da 2013. Irin waɗannan suna zuwa da sawun igiya a ƙugu, sun saba da shinkafa da ayaba, sun ɗauki mutum a matsayin ɗan garke, shi ya sa da sun balaga suke cizo.

Babban abin da ke kashe lemur a keji ba yunwa ba ce, gata ne. 'Ya'yan itacen da yake ci a daji ƙanana ne, masu ɓawo da zare da bauri, zaƙinsu kaɗan. Ayaba da mangwaro da abarba na gona kuwa shekara da shekaru ana zaɓen irinsu don zaƙi. Jikin lemur kuma a hankali yake ƙone abinci, domin tsibirin da ya saba da fari da guguwa ya koya masa tattali. Haɗa biyun, sai ƙiba, ciwon suga, ruɓewar haƙori da matsalar haihuwa. Maki, wato lemur mai zoben wutsiya, a daji bai fi kilo 2 da ɗan ɗori ba, a gidajen zu kuwa ana samun wanda ya haura 3. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan bai sani ba, gashi na ɓoye tumbi. Sai an koya wa dabbar hawa sikeli da kanta, a rubuta nauyin a kai a kai. Gidan zu na Paignton a Ingila ya cire 'ya'yan itace daga abincin, ya koma ganyaye da kayan lambu irin su kabeji, karas, kokwamba da koren wake, tare da dunƙulen abinci mai zare da ake yi musamman. Binciken da aka buga a 2015 kan nau'i huɗu ya nuna faɗa a tsakaninsu ya ragu, tunda babu abin zaƙin da za a yi rububi a kai. Amma ba a yin canjin rana ɗaya, ana ragewa ne cikin makonni, in ba haka ba su ƙi ci ko su kama zawo.

Akwai kuma taruwar sinadarin ƙarfe a hanta, wadda ta fi damun wasu nau'o'in irin su vari. Baurin ganyen daji yana ɗaure sinadarin ya hana hanji zuƙe shi, lemo da danginsa kuwa ƙara zuƙar suke yi. Don haka ba a ba lemur maganin ƙarin jini irin na mutane, kuma ana taƙaita lemo. Kyanwa ma abokiyar gaba ce, ba don farauta ba, don kashinta da ke ɗauke da cutar tokzoplasma, wadda kan kashe maki cikin 'yan kwanaki. A rufe ɗakin abinci, a wanke ganye, kada a ɗebo yashin da kyanwa ke tonawa a zuba a keji. Tarin fuka da wasu cututtukanmu ma suna kama su, wanda kaɗai ya isa dalilin ƙin wuraren nan da ake shafa wa baƙo ayaba a kafaɗa don lemur ya hau a ɗauki hoto. Na ga irinsu a harabar wasu masaukai, kuma ban ga abin sha'awa a ciki ba.

Ginin keji kuwa tsawo ya fi faɗi muhimmanci. Sifaka na buƙatar sanduna a tsaye masu tazara don tsalle, da ɗanyen ganye kullum, har cibiyar Duke da ke Amurka, wadda aka kafa a 1966 kuma take da lemur sama da 200, takan tara ganye da bazara ta daskarar don hunturu. Vari na son rassa a kwance can sama. Shi vari tagwaye ko 'yan uku yake haifa bayan ciki na kwana kimanin 102, uwar ba ta goyo, a sheƙa take ajiye su, ta riƙa ɗaukar su a baki tana sauya wuri, saboda haka akwatin haihuwa ɗaya bai isa ba, a sa biyu ko uku. Kowane ɗaki ya zama da ƙofa biyu, don wanda aka kora ya samu mafita. Wajen wanki kuma kada a goge rassa duka a rana ɗaya: ƙanshin da suka shafa shi ne shaidar iyakarsu da matsayinsu, in aka share shi gaba ɗaya hankalinsu na tashi.

Aye-aye, wani lemur mai yawon dare, sha'aninsa daban. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, yana ƙwanƙwasa itace da siririn yatsansa na tsakiya, ya saurari ramin tsutsa, ya fasa ya zaƙulo. Keji na katako ba ya riƙe shi. Ana juya masa dare da rana da fitilu don masu kula su yi aiki yana farke, a ɓoye masa tsutsa cikin ruɓaɓɓen itace ko gora, a ba shi kwakwa da rake ya fasa da kansa. A 2016 aye-aye huɗu suka mutu a Duke cikin ɗan lokaci, bincike ya danganta abin da wata guba da ke cikin fiya, wato afokado, aka cire ta daga abincin.

Mayar da na keji daji ma an gwada. Tsakanin 1997 da 2001 an saki vari 13 haifaffun gidajen zu a dajin Betampona da ke kusa da Toamasina. Fosa, babbar mai farautar lemur, ta cinye da dama, amma wasu sun rayu har sun haihu da na daji. Waɗanda suka taso a fili mai itatuwa sun fi na cikin waya iya neman abinci.

Zuwa Ranomafana sai an koma Antananarivo a kama RN7 kudu, ta Antsirabe da Ambositra, wuni guda cur. Abincin hanya shinkafa ce safe da rana da dare, da romazava, romon naman shanu da ganye. Musulmi ya riƙe kalmar kisoa, ita ce alade, domin ana yawan dafa dakakken ganyen rogo da shi. Dajin Ranomafana tudu ne da gangare da santsi, ga matsattsaku. A tura ƙafar wando cikin safa, in ya kama a ture shi da farce daga gefen bakinsa, a wanke wurin, jinin kan ɗan jima yana zuba.

A nan aka gano lemur mai cin gora ruwan zinariya a 1986, masaniyar dabbobi Patricia Wright na cikin waɗanda suka gano shi, kuma dalilinsa aka kafa gandun a 1991. Yana cin kimanin giram 500 na tohon gora a rana, mai ɗauke da sayanayid, gubar nan da ke cikin rogo mai ɗaci, adadin da ya ninka abin da zai kashe dabba mai girmansa sau 12. Kunne ya riga ido samun sa: ƙarar ɓare gora da ɓawon da ke faɗowa. Nau'i uku na masu cin gora ke dajin. Babban yana da farin tuntu a kunne, kuma shi ke fasa gangar gora ya ci ɓargon ciki. Na zinariya yana da gashi ruwan zinariya kewaye da baƙar fuska. Ƙaramin toka-toka ne. Wani tarkon kuma bambancin mace da namiji. Lemur mai jan ciki, namijin yana da farin ɗigo a gefen kowane ido, macen kuwa cikinta fari ne, sai baƙo ya rubuta nau'i biyu alhali miji da mata ne. A arewa maso yamma abin ya fi haka, baƙin lemur namijin ne kawai baƙi, macen ja-ja ce da farin gashi a kunne.

Kudu da Fianarantsoa ƙasa ta buɗe, daji ya ƙare, sai ciyawa da shanu masu tozo da manyan duwatsu. Kimanin kilomita 13 bayan Ambalavao akwai Anja, kurmi mai hekta 30 a gindin dutse, wanda mutanen ƙauyen da kansu ke tsarewa, kuɗin shiga kuma yana komawa gare su. Maki ɗaruruwa ne a ciki. Da hantsi suna hawa kan falalen dutse su zauna, su buɗe hannuwa su ba rana farin cikinsu, kamar masu shan hantsi a jikin katanga da hunturu. Wutsiyar zobe ne baƙi da fari goma sha uku-uku ko kusa da haka, bakinta kullum baƙi. Mata ke mulki, su ke fara ci, namiji ya kauce. Namiji yana da ƙaho ɗan ƙarami a wuyan hannu da yake karce reshe da shi ya bar ƙanshi, in faɗa ya tashi kuma ya goga wutsiya a wurin ya riƙa kaɗa ta wajen abokin hamayya. A Anja 'ya'yan wata itaciya 'yar'uwar darbejiya suke yawan ci, a dajin Berenty can kudu kuwa, inda Alison Jolly ta fara nazarinsu a 1963, tsamiya ce ginshiƙin abincinsu, ganye da 'ya'ya.

Maki ya fi kowane lemur yawa a gidajen zu, har matsalarsa ta zama yawan haihuwa. Mace kwana ɗaya tak take karɓar namiji a shekara, wajen Afrilu ko Mayu, ta haihu bayan kwana kimanin 135. Tsawon yini ke tsara wannan, shi ya sa a Turai da Amurka lokacin ke juyawa da wata shida. Masu kula suna hana wasu mata ɗaukar ciki, suna ware garken maza zalla, suna kuma sa ido kan ranar da mata za su haɗe kai su kori 'yar'uwarsu, domin in babu inda za ta gudu rauni ne mai tsanani. Kwanukan abinci su fi ɗaya, nesa da juna, in ba haka ba namiji ya kwana da yunwa.

Ana kuma riƙe littafin asali na kowane nau'i, a san uwa da uba, saboda dangin lemur mai ruwan ƙasa suna barbarar juna in an haɗa su. Hakan ya faru a Berenty: nau'i biyu da mutane suka kai can daga wasu dazuzzuka suka gauraya, jikokinsu ba su dace da zanen kowane shafi ba, suna kuma gasa da maki wajen tsamiya. A irin wannan wuri taswira ma ba ta fisshe ka. Saboda haka duk abin da ka gani, rubuta sunan daji, lokaci, tsayin da yake a itace, mace ko namiji, sannan ka tambayi ɗan jagora ko dabbar 'yar asalin wurin ce ko kawo ta aka yi.